Yadda Ake Isar da Magana Ta Sauka Inda Aka Aike Ta

Shekaru da yawa ke nan ina tsakiyar mutane a wurin aiki. Na sama su ba ni umarni, ni in raba wa na ƙasa, lokacin tashi ya yi in miƙa wa mai canjina. Idan na waiwaya na ƙirga ayyukan da suka lalace a gabana, kaɗan ne lalaci ko mugunta suka ɓata. Mafi yawansu sun mutu ne tsakanin "ai na faɗa masa" da "wallahi ni ba haka na ji ba", kuma sau tari duka biyun gaskiya suke faɗa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Na bi ta gaban teburin wani yaro sabon ɗauka, na ajiye masa rahoto na ce, "Ka gyara wannan kafin taro." Abin da ke raina lambobi biyu ne a shafi na uku da suka saɓa wa juna, taron kuma na gobe da safe. Shi kuwa ya ɗauka taron ƙarshen mako nake nufi, kuma rahoton ne gaba ɗaya bai yi ba. Washegari na tarar ya warware shi tun daga farko yana sake rubutawa, idanunsa sun yi jawur don bai runtsa ba, lambobin nan biyu kuma suna nan yadda na bar su. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna kalmomin da na furta. Guda biyar ne, babu shafi a ciki, babu rana, babu abin da za a gyara. Tun daga ranar na daina auna magana da abin da ya fita daga bakina, na koma auna ta da abin da ya sauka a kan mai sauraro.

Wannan kuskure na kowa ne. A 1990 wata ɗalibar Jami'ar Stanford, Elizabeth Newton, ta sa mutane su ƙwanƙwasa kiɗan sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu su canki waƙar. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabi. Cikin waƙoƙi 120, uku kacal aka gane. Mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar tana tashi a cikin kansa, mai sauraro kuwa ƙarar yatsa kawai ke isa kunnensa. Haka muke duk lokacin da muke bayani.

Abin da za ka tanada

Ƙaramin littafi da biro. Da su za ka shirya maganarka, da su kuma za ka kama abin da aka faɗa maka. Idan babu, manhajar rubutu ta waya ta wadatar, amma ka sanar da mutum cewa rubuta maganarsa kake yi, in ba haka ba zai ɗauka hira kake da wani.

Minti biyar na shiri kafin duk wata magana mai nauyi.

Wurin da za ku ji juna ba tare da ɗaga murya ba. Idan maganar gyara ce ko sirri, wurin da ba kunne na uku.

Hujjar da maganar ta shafa: takarda, lamba, kwanan wata, hoto. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa a abin da ake iya nunawa.

Kalanda ko tunatarwar waya, don bin sawun abin da aka yi alkawari.

Sanin yadda mutumin yake so a kira shi, da irin harshen da ya fi sakewa a ciki.

Na ƙarshe shi ne natsuwa. Idan ranka a ɓace yake, kayan aikinka ba su cika ba, ka dakata.

Mataki na 1: Tsayar da abin da kake so a jimla ɗaya

Kafin ka tashi daga kujerarka, rubuta amsar wannan tambaya: idan mun gama magana, me nake so wannan mutum ya yi, ko ya sani, ko ya yanke? Jimla ɗaya. "Ina so a ƙara min kwana biyu a kan wannan aiki." "Ina so ƙanena ya riƙa sanar da ni kafin ya ɗauki motata." Idan jimlar ta ƙi fitowa, matsalar ba ta baki ba ce tukuna, tunanin ne bai nuna ba, kuma duk abin da ka faɗa a wannan hali kwana-kwana zai zama.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗora wa zama ɗaya kaya uku: neman hutu, ƙorafi a kan abokin aiki, da shawarar sabon tsari. Mai sauraro zai ɗauki wanda ya fi masa sauƙi ya amsa, sauran su bi iska. Zaɓi mafi muhimmanci, ka ajiye sauran zuwa wani lokaci.

Mataki na 2: Zaɓi hanya da lokaci

Ga yadda nake raba su. Duk maganar da za ta taɓa zuciya, kamar gyara, ba da haƙuri, labari marar daɗi ko saɓani, baki da baki ake yin ta. In hakan ya gagara, a kira a waya. Duk maganar da ke ɗauke da lambobi, adireshi, ranaku ko jerin ayyuka, a rubuce ake aika ta. Wadda ta haɗa biyun, a yi ta da baki sannan a bi ta da rubutu.

Rubutu yana yaudarar mai yin sa. A wani bincike da Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka fitar a 2005, masu aika imel sun zaci za a gane ko da gaske suke ko gatse suke yi kusan sau 78 cikin 100. Masu karantawa sun dace ne kusan sau 56, wato da ƙyar suka ɗara mai canki-canka. Kai kana jin muryarka lokacin da kake rubuta "to, madalla", shi kuwa da muryar da ke ransa a lokacin zai karanta, in ya kwana da fushi da fushi zai ji ta. Saboda haka idan kun yi musayar saƙo sau uku abu bai warware ba, ajiye rubutun ka kira. Zuwa da kai ya fi aike.

Saƙon murya yana da amfani ga wanda karatu ke ba shi wuya, amma kada ya wuce minti ɗaya, kuma kada ka binne lamba ko kwanan wata a cikinsa, domin ba a iya dubawa a tsinto su sai an sake saurara daga farko.

Lokaci kuma: kada ka tari mutum da magana mai nauyi yana shigowa daga tafiya, ko yana bakin ƙofa zai fita, ko ido na kansa a cikin jama'a. Tambaya ɗaya tana raba gardama: "Ina da magana ta minti goma, yanzu ya yi ko in dawo?" Idan ya ce ka dawo, ku tsayar da ƙarfe nawa kafin ka juya.

Mataki na 3: Sa kan maganar a gaba

Bayan gaisuwa, faɗi abin da ya kawo ka. Yawancinmu mun saba mu faro daga tarihi, mu bi ta dalilai, sai can ƙarshe mu fito da buƙata, alhali mai sauraro tun a minti na farko yana ta lissafin ina muka dosa, bai ji rabin dalilan ba. Juya tsarin. Buƙata ko labari tukuna, dalili ya biyo baya.

Idan rahoto za ka kai wa na sama, ari tsarin da ma'aikatan jinya a ƙasashe da yawa suke amfani da shi wajen kiran likita, wanda suke kira SBAR. Gaɓa huɗu ne a jere: halin da ake ciki yanzu, asalin abin a taƙaice, yadda kai ka fahimci matsalar, sai abin da kake ganin a yi. Ga misali:

"Ranka ya daɗe, kayan da za mu aika gobe ba za su cika ba. Injin na biyu ya tsaya tun ƙarfe goma, mai gyara ya ce sai jibi. A lissafina za mu iya haɗa kashi biyu cikin uku. Ina ganin mu kira mai kayan yau mu tambaye shi ko a aika wanda ya samu, ragowar ta biyo ranar Alhamis. In ka amince, yanzu zan kira."

Bai kai rabin minti ba, kuma shugaba ya sami duk abin da zai yanke hukunci a kai. Gaɓa ta huɗu ita ce wadda sababbin ma'aikata suke tsallakewa, don suna jin kamar rashin kunya ne ƙarami ya ba da shawara. Ni dai ban taɓa ganin shugaban kirki da ya ji haushin wanda ya kawo matsala tare da mafita ba. Ko bai ɗauki shawarar ba, ka rage masa rabin tunani.

Gargaɗi: labari marar daɗi ba ya gyaruwa da ajiya. Wanda ka faɗa yau matsala ce, wanda aka gano jibi ba daga bakinka ba ya zama matsala da ɓoye-ɓoye.

Mataki na 4: Cika saƙon, ka kori kalmomi masu santsi

Duk umarni ko roƙo yana buƙatar ƙafafu huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma yaya za a gane an gama. In ɗaya ta ɓace, saƙon zai ɗingisa.

Akwai kalmomin da nake kira masu santsi, don kowa yana zamewa a kansu ta inda ya ga dama: "anjima", "da wuri", "nan ba da daɗewa ba", "a duba", "a ɗan gyara", "za a yi". Wannan "a" ɗin ta "a duba" ta fi kowacce haɗari, domin ba ta da mai ita. Mutum biyar za su tashi daga taro kowa yana ganin da ɗan'uwansa ake. Maimakon "a duba maganar nan da wuri", ce "Malam, kai za ka kira su, ka ba ni amsa kafin ƙarfe biyu na ranar Laraba."

Lamba kuma kada ta fita ba ma'auninta. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda rukuni ɗaya na injiniyoyi ya ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, wanda ake auna nauyi da shi a Amurka, ɗaya rukunin kuma ya karanta lambobin a matsayin ma'aunin tsarin mita. Ƙwararru ne duka, lambobin ma daidai suke, ma'aunin ne ba a daidaita ba. In ka ce "goma", faɗi goma na me. In ka ce "ranar Litinin", haɗa da kwanan wata.

Kada ka jero wa mutum abu fiye da uku ko huɗu da baki. In sun fi haka, rubuta masa. Kalmomin sana'arka kuma ka bar su ga 'yan sana'a. Da baƙo ko sabon shiga, faɗi abin da sunan da kowa ya sani.

Mataki na 5: Yi shiru, ka saurara har ya kai aya

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne aka fi samun riba.

A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka naɗi ganawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya. Sun gano cewa a matsakaici bayan daƙiƙa 18 likita yake katse marar lafiya, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka samu suka kammala bayanin abin da ya kawo su. Ba likitoci kaɗai ba ne, dukanmu haka muke. Tunani ya fi baki sauri, shi ya sa tun mutum yana tsakiyar jimla mun riga mun ƙarasa masa ita a ranmu, mun shiga haɗa amsa. Matsalar ita ce, abin da ya fi damun mutum ba kasafai yake fara faɗinsa ba. Yakan fara da mai sauƙi ya gwada ruwa, in ya ga ana ji sai ya fito da na ƙasan.

Ga abin da za ka yi a aikace. Kife wayarka, ko ka sa ta a aljihu. Juyo da jikinka gare shi. Idan wata amsa ta taso maka yana cikin magana, rubuta kalma ɗaya a littafinka don kada ta ɓace, ka koma sauraro. In ya tsaya, ƙirga uku a zuci kafin ka buɗe baki. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin azuzuwan makaranta a farkon shekarun 1970, ta lura malamai ba sa jiran amsa fiye da daƙiƙa ɗaya, kuma da aka koya musu jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara. Na gwada wannan da manya, a ofis da cikin gida, kuma sau da yawa a cikin wannan ɗan shirun ne ake cewa, "Af, akwai kuma wani abu." Wannan wani abun shi ne ainihin maganar.

Tambayoyinka su zama masu buɗe baki. "Akwai matsala?" amsarta "babu". "Wane ɓangare ne ya fi ba ka wuya?" dole ta jawo bayani. Ka yi hattara da "me ya sa ka yi haka?", domin kunne yana jin ta kamar tuhuma. "Yaya aka yi abin ya faru?" tana kawo labari iri ɗaya ba tare da mutum ya ɗaga garkuwa ba.

A gida akwai ƙarin abu guda. Ba duk mai kawo maka damuwa ne yake neman shawara ba. Matarka ko ɗanka ko abokinka wani lokaci kunne kawai suke so. In ba ka tabbata ba, tambaya: "Shawara kike so, ko dai in saurare ki?"

Mataki na 6: Sa maganar ta dawo

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan riƙe.

Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo. Mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Cikin dalilan akwai magana. Matuƙan KLM sun faɗi wata jimla mai harshen damo, wadda za a iya fahimta da "muna wurin tashi" ko "mun fara tashi". Mai kula da zirga-zirga ya amsa da "to", ya ƙara da cewa su jira zai kira su, amma wannan ƙarin ya haɗu da maganar ɗaya jirgin a rediyo bai fita sosai ba. Kowane ɓangare ya ji abin da yake tsammanin ji. Bayan wannan aka tsaurara ƙa'idar magana a harkar jiragen sama: kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, kuma muhimmin umarni sai matuƙi ya maimaita shi, mai ba da shi ya ji ya tabbatar.

Abin da za mu ɗauka shi ne maimaitawar. Gyaɗa kai ba shaida ba ce. "To" ba shaida ba ce. "Ka gane?" kuwa ita ce tambaya mafi rashin amfani da na sani, domin ba mai son ya ce bai gane ba, musamman a gaban wanda ya girme shi, kuma wanda ya fahimta a karkace shi ma da zuciya ɗaya zai ce ya gane.

Idan kai ne mai karɓar saƙo, abin da sauƙi. Ka ce, "Bari in maimaita, Hajiya, ki gyara min in na kauce: zan kai takardun ofishin kuɗi yau, in karɓo sa hannu, in dawo miki da kwafi ɗaya kafin a tashi." Daƙiƙa goma ne. Ba wanda zai raina ka a kan wannan, sai ma a ƙara yarda da kai.

Idan kai ne mai ba da saƙo, sai da dabara, don kada ya zama kamar jarrabawa. Ɗora nauyin a kanka: "Na yi bayani da yawa, ban sani ba ko na tsallake wani abu. Faɗa min yadda za ka fara, in ji." Ko kuma, "In ka koma za ka gaya wa sauran me?" In aikin hannu ne, ce ya gwada a gabanka sau ɗaya, gani ya kori ji. Idan abin da ya dawo ya karkace, kada ka maimaita kalmominka na farko da ƙarfi. Su ne suka kasa. Sake wata hanya, kawo misali, ko zana a takarda.

Da wanda ya girme ka, ba za ka ce ya maimaita ba. Kai za ka taƙaita: "Baba, in na fahimce ka, so kake a fara biyan kuɗin makaranta, gyaran rufin ya jira wata mai zuwa. Haka ne?" Ya ce e ko ya gyara.

Mataki na 7: Fuska da murya su bi bayan kalma

Za ka ji ana yawan cewa kashi 7 cikin 100 kawai na saƙo ke cikin kalmomi, 38 a murya, 55 a fuska. Lambobin daga binciken Albert Mehrabian na 1967 suka fito, amma a kan abu ƙanƙani aka yi shi: yadda ake gane ko mutum yana son abu ko ba ya so idan kalmarsa da muryarsa suka saɓa. Shi da kansa ya ce ba a shimfiɗa su a kan kowace magana. Kada ka yi sakaci da kalmomi saboda su. Abin da ya tabbata shi ne, in ka ce "ba komai" da ɗaurarriyar fuska, fuskar za a gaskata. Labarin zuciya a tambayi fuska. Don haka in akwai komai, faɗe shi da baki cikin ladabi. Rage gudun magana, sauke murya a wurin da ya fi muhimmanci, kuma in mutum yana zaune kai ma zauna.

Mataki na 8: Idan maganar gyara ce ko saɓani

Keɓe shi. Gyara a gaban jama'a cin fuska ne ko da gaskiya ce, kuma wanda aka kunyata kare kansa yake yi, ba ya jin komai.

Sannan ka bi wannan jeri: abin da ka gani, illar da ya jawo, jin ta bakinsa, abin da kake so nan gaba. "Malam, ranar Talata da Alhamis rahoton ya zo bayan ƙarfe huɗu. Hakan ya sa masu lissafi suka kai dare. Me ke faruwa?" Ka tsaya nan ka saurara da gaske, domin wataƙila akwai abin da ba ka sani ba. Na taɓa shirya wa wata ma'aikaciya doguwar magana a kan latti, da na tambaya sai na ji ashe bayanan da take jira daga wani sashe ne ba sa zuwa a kan lokaci, kuma ta yi ta bin su ita kaɗai ba ta son kai ƙara. Da na fara da faɗa, da na zalunce ta, matsalar kuma tana nan.

Kalmomi biyu ka cire daga bakinka: "kullum" da "ba ka taɓa". Da zarar ka ce "kullum kana latti", zai tuno ranar da ya zo da wuri, gardama ta koma kan wannan ranar. Kada kuma ka taɓa hali. "Kai malalaci ne" hukunci ne, ba abin da mutum zai yi da shi gobe da safe. "Aikin bai zo ranar da muka yi ba" abu ne da ake iya gyarawa. Tsohon laifin da aka riga aka yafe kuma a bar shi a kabarinsa.

In murya ta fara tashi, akwai wata ƙa'ida da masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers ya ba da shawara a farkon shekarun 1950: ba wanda zai faɗi nasa sai ya maimaita matsayin ɗan'uwansa, har ɗan'uwan ya yarda cewa haka yake nufi. Tana da wuya ƙwarai, don za ka tarar ba ka ma ji abin da ya ce ba. Amma tana sanyaya zama fiye da kowace dabara da na gwada, kuma maimaita ra'ayin mutum ba amincewa da shi ba ne. In abin ya fi ƙarfin haka, ɗaga zaman, amma da lokaci: "Raina ya ɓaci, ba na so in faɗi abin da zan yi nadama. Mu dawo kanta gobe da safe." Magana zarar bunu ce. Saƙon da ka rubuta cikin fushi ma ya kwana a wayarka, ka sake karanta shi da safe kafin ka aika.

Idan kai ne da laifi, ba da haƙuri ba tare da "amma" ba. Faɗi abin da ka yi da sunansa, da abin da za ka yi don gyarawa.

Mataki na 9: Ɗaure da rubutu, ka bi sawu

Bayan duk wata magana da aka yanke wani abu, aika layi uku a ranar: abin da aka amince, wa zai yi, zuwa yaushe. Ka rufe da "in na yi kuskure a gyara min". A taro, minti biyar na ƙarshe na wannan ne, a karanta da ƙarfi kowa ya ji sunansa. Sa ranar a kalanda, in ta zo ka tambaya. Kai ma in ka ga ba za ka cika naka ba, sanar tun kafin ranar.

Wani lokaci kayan aikin ba sa cika. In sabis yana yankewa, faɗi abu mafi muhimmanci a farkon kira, lambobi kuma ɗaya bayan ɗaya, ka bi da saƙon tes. In ba ku jin harshen juna sosai, gajarta jimloli, bar karin magana da barkwanci, ka nuna da hannu ko zane. In akwai tafinta, mutumin za ka kalla, kuma ka riƙa tsayawa bayan jimla biyu. In mutum ba ya ji sosai, fuskance shi a wuri mai haske, ka yi magana a sarari ba tare da ihu ba. In ba ya karatu, saƙon murya gajere ko shaida ɗaya da kuka yarda da shi zai tsaya a madadin takarda. In kuma shugabanka ba ya samun zama, rubuta masa tambayar yadda zai iya amsawa da e ko a'a, ka sa ranar da kake buƙatar amsar a layin farko.